Gina wasan kwamfuta na 3D ba tare da rubuta kod ba

(An rubuto wannan daga rikodin laccar da aka gabatar wa ɗalibai da matasa a Sakkwato.)

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malam shugaban zama, malamaina da ke sahun gaba, ƙannena maza da mata, ina yi muku barka da zuwa.

Duk wanda ke cikin ɗakin nan ya taɓa buga gem a waya. Amma da na tambaya ɗazu wa ya taɓa haɗa nasa, ban ga hannu ba. Dalilin da aka saba bayarwa shi ne sai mutum ya iya kod, wato ya zauna yana rubuta wa kwamfuta umarni da C++ ko makamancinsa. Wannan uzuri ya daɗe da faɗuwa. Tun 2007 jami'ar MIT ta Amurka ta fito da Scratch, inda yaro ke jawo tubalan umarni ya harhaɗa su. Jami'ar Carnegie Mellon tana da Alice, Microsoft kuma ya fito da Kodu a 2009, dukkansu biyun na 3D ne, wato fili mai tsawo da faɗi da zurfi wanda za ka shiga ka zagaya, kuma don masu koyo aka yi su.

Manyan ma sun bi sahu. Unreal Engine, wanda da shi kamfanin Epic Games ya gina wasan Fortnite, ya zo da tsarin Blueprints a 2014. Akwatuna ne a kan allo, kana jan zare daga wannan zuwa wancan. Kyauta ake sauke shi, ba su karɓar komai sai wasanka ya kawo dala miliyan 1, sannan su ɗauki kashi 5 cikin 100 na abin da ya haura. Kamfanin Unity, mai wata manhajar gina wasa, ya sayi Bolt, wani tsarin akwatuna irin wannan, a 2020. Sai dai ba zan tura ku can ba yau. Unreal yana cin data mai yawa kafin ya gama sauka, yana son kwamfuta mai ƙarfi, ga zafin garinmu a watan Afrilu, ga yadda wuta take. Laftof ɗin ɗalibi zai yi ta huci ne kawai.

Ni GDevelop nake so ku fara da shi. Wani Bafaranshe, Florian Rival, ya ƙirƙiro shi, kyauta ne, yana buɗuwa a burauza, kuma tun 2023 yana yin 3D. Ku dubi allon nan. Ga zaure na gina da akwatuna, na shafa musu hoton jar ƙasa da na ɗauka da wayata a jikin wani tsohon gini. Ga mutum, ga ƙyaure, ga makulli a ƙasa. Shafin umarnin gida biyu ne, hagu da dama. A hagu na zaɓi: idan mutum ya taɓa makulli. A dama: to makullin ya ɓace, a rubuta cewa yana hannunsa. Layi na biyu: idan ya taɓa ƙyaure kuma makulli na hannunsa, to ƙyaure ya buɗe. Yanzu bari in cire rabin sharaɗin nan na biyu ku gani. Kun ga ƙyauren ya buɗe wa kowa, makullin ya zama ado.

Nan nake so ku tsaya da ni. Manhajar ta ɗauke muku wahalar rubutu, tunanin kuwa yana nan wuyanku. Ɗaliban nahawu da ke nan sun san sharaɗi da jawabinsa, in sharaɗi bai cika ba jawabi ba ya aukuwa. Aikin ke nan daga farko har ƙarshe. Ku ɗauki dara, gurbi 30, kowa da 'ya'ya 12. Ka jera uku, ka ci ɗaya na abokin wasanka. To in huɗu suka jeru fa? In mutum ya rasa inda zai motsa fa? Dattijon da ke bugawa a gindin bedi ya san amsa ba tare da ya tsaya tunani ba, kwamfuta kuwa sai ka faɗa mata ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya iya zama da takarda da biro ya warware dokokin dara tsaf, ya yi fiye da rabin aikin.

Abin da ke ci mini rai shi ne yaranmu sun haddace titunan garuruwan da ke cikin wasannin Amurka, amma da yawansu ba za su iya lissafo ƙofofin Sakkwato ba. Garin da Muhammadu Bello ya kafa a 1809, da ganuwarsa, da Ƙofar Rini, da Ƙofar Kware, da Ƙofar Marke, da Ƙofar Atiku. Me zai hana ɗalibin tarihi a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ya je Gidan Tarihi na Waziri Junaidu ya yi bincike, ya tambayi tsofaffin unguwa, ya haɗa kai da mai zane, su tayar da ƙofa ɗaya yadda ɗan firamare zai shiga ta cikinta a waya? Ba lallai sai wasa ba. Malamin kiwon lafiya zai iya gina ɗakin haihuwa ɗalibai su koyi inda kowane kaya yake.

Wata ƙanwata ta miƙo takarda tana tambaya ko wannan zai hana mutum koyon kod. Ba zai hana ba, kuma yana da iyaka. In wasa ya girma, zaren akwatunan nan kan cukurkuɗe har ka rasa bakinsa. Masu Godot, wata manhajar gina wasa, su ma sun cire nasu tsarin akwatunan a fitowa ta 4 a 2023, saboda masu amfani da shi ba su da yawa. Ranar da kika kai wannan iyakar, ƙanwata, za ki tarar kin riga kin san abin da kike son faɗa wa kwamfuta, haruffan kawai suka rage.

Masu laftof su matso gaba, mutum uku-uku. Zan tura muku fayil ɗin zauren nan, kowane rukuni ya ƙara ɗaki na biyu da makullinsa kafin a kira la'asar.