Tsohuwar bindigar hannu da ta zamani: wacce ce ba ta cijewa?

Jama'a, barkanmu da wannan lokaci. Bindigar da kuke gani a allo sunanta M1911, ƙirar John Moses Browning ce, kamfanin Colt ya sarrafa ta. Kafin sojojin Amurka su amince da ita a watan Maris na 1911, sai da suka ɗauki ƙwaya ɗaya suka harba harsashi 6,000 da ita, ba a tsayawa sai don ta huce ko a goge ta. Ko sau ɗaya ba ta cije ba. Abokiyar takararta ta kamfanin Savage kuwa sau 37 ta ba da matsala. To, duk wanda ya ce muku tsofaffin bindigogi ba su da aminci don kawai sun tsufa, ku tuna masa wannan gwaji. Amma shi ma mai cewa kayan da ne kaya, na yanzu roba ce kawai, rabin labari ya ji.

Aminci a bindiga fuska biyu gare shi. Ta tashi a lokacin da aka danna kunama, kuma kada ta tashi in ba a danna ba. Masu gardama sun fi son ta farko, alhali ta biyun ma tana cin rai.

Mu fara da libarba, wato mai ganga da ke juyawa. Samuel Colt ya yi rajistar tasa a 1836, kuma wadda kamfanin Smith & Wesson ya fitar a 1899, da aka sani yanzu da Model 10, an ƙera miliyoyinta, 'yan sandan ƙasashe da dama sun shekara da shekaru da ita a ƙugu. Sirrin libarba shi ne komai da ƙarfin ɗan yatsanka yake tafiya. Ka ja kunama, gangar ta juya ta kawo harsashi daidai bututu, gudumar ta ɗaga ta faɗi. Idan harsashin matacce ne bai tashi ba, sake ja kawai za ka yi, gangar ta wuce shi ta kawo na gaba. Ba ruwanta da ƙarfin albarushi, ba ruwanta da yadda ka riƙe ta.

Fistol mai ɗura kanta, irin su M1911, ba haka take ba. Ita ƙarfin harbin take ara ta yi aiki. Harsashi ya tashi, ƙarfen sama ya zame baya, ya fizgo kwanson da ya ƙone ya wurgar, sifirin ya dawo da shi gaba, a hanya ya kwaso sabon harsashi daga magazin, wato ɗan gidan da ake jera harsasai, ya cusa. Duk wannan kafin ƙiftawar ido. Idan albarushi ya yi rauni, ƙarfen ba zai kai ƙarshen tafiyarsa ba. Idan mai harbi ya saki wuyan hannunsa, hannun ne zai shanye ƙarfin, sai ka ga kwanso ya maƙale a tsaye a bakin tagar da yake fita. Nan masoya libarba suke tsayawa su ce ai magana ta ƙare.

Ba ta ƙare ba. Ku buɗe gefen libarba ku ga abin da ke ciki: ƙananan ƙarafa ne masu laushin aiki, kowanne sai ya motsa a daidai lokacinsa. Akwai ɗan hannun da ke tura gangar, akwai ɗan makullin da ke tsayar da ita. In suka goge, ramin gangar ba zai daidaita da bututu ba, sai ta riƙa aske gefen harsashi tana fesar da ɓarɓashi. Tazarar da ke tsakanin gangar da bututu ba ta kai rubu'in milimita ba, datti kaɗan ya taru a wurin sai juyawa ta yi nauyi. Ƙwayar albarushi ɗaya da ba ta ƙone ba, in ta shige ƙarƙashin ƙarfen nan mai siffar tauraro da ke turo kwansuna waje, tana iya hana gangar rufuwa. Libarba ba ta cika cijewa ba, gaskiya ne, amma ranar da ta cije yawanci sai an kai ta wurin mai gyara. Fistol kuwa ta fi yawan ƙananan matsaloli, sai dai wanda ya samu horo yakan warware su cikin daƙiƙoƙi.

Ga kuma maganar yawan harsashi. A ranar 11 ga Afrilun 1986, jami'an FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, suka yi artabu da wasu 'yan fashi biyu a yankin Miami. Jami'ai biyu suka mutu, biyar suka ji rauni. Wasu daga cikinsu libarba mai cin shida suke riƙe da ita, kuma akwai wanda aka harba a hannu, ya yi ta fama ya sake ɗura tasa, jini ya shiga gangar ya hana shi. Bayan wannan ne hukumar ta juya wa libarba baya, kuma a shekarun da suka biyo 'yan sandan Amurka kusan duk suka koma fistol.

A cikin tsofaffin fistol ma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Luger da sojojin Jamus suka ɗauka a 1908, wallahi ta yi kyau, har yau masu tara kayan tarihi suna rububinta. Amma ƙarfen samanta mai lanƙwashewa kamar gwiwa a buɗe yake ga ƙura, tana da tsirfa wurin harsashi, ga tsadar ƙira. Jamusawan da kansu suka nemo mata magajiya, Walther P38. Makarov ta Tarayyar Sobiyet kuwa, ta 1951, ba ta da kyan gani, harsashi takwas take ci, amma sassanta kaɗan ne kuma bututunta a kafe yake ba ya motsi, shi ya sa ta yi suna wajen jure wulaƙanci.

Mu koma kan M1911, don a nan ne gardamar ta fi zafi. Me ya sa bindigar da ta yi wancan bajinta yau za ka ji wasu na kukan tana cije musu? Dalili na farko, an tsara ta ne don harsashi mai zagayayyen kai da sojoji ke amfani da shi. Harsashi mai rami a baki da ya yaɗu daga baya yakan yi tuntuɓe a gangaren da ke kai shi cikin bututu, musamman a tsofaffin ƙira. Na biyu, ta soja a sake take, in ka girgiza ta ma kana jin ƙara, kuma wannan sakin ne ke ba datti wurin zama. A Yaƙin Duniya na Biyu har kamfanin tafireta na Remington Rand ya ƙera ta da yawan gaske, kamfanin keken ɗinki na Singer ma ya yi guda 500. Na kasuwa a yau kuwa kamfanoni barkatai ke yinsu, kowa da awonsa, kuma da yawa ana matse su ne don saiti ya ƙaru. Na uku, ƙugiyar da ke fizgo kwanso ita kanta sifirin ce, sai an lanƙwasa ta da hannu daidai gwargwado. Ta yi tauri, harsashi ya ƙi shiga. Ta yi sako-sako, kwanso ya ƙi fita. Wato dai M1911 ɗinkin tela ce: in ta faɗa hannun gwani babu kamarta, in ta faɗa hannun ɗan koyo sai haƙuri.

Ana nan sai Gaston Glock ya kawo bindigar da ta canza lissafi. Mutumin nan ɗan Ostiriya ba maƙerin bindiga ba ne, sandunan labule da wuƙaƙen soja yake yi, amma ya san roba mai ƙarfi ciki da bai. Sojojin ƙasarsa suka zaɓi Glock 17 a 1982. Harsashi 17 take ci, M1911 bakwai. Nauyinta da magazin babu harsashi kusan giram 700, ita kuwa waccan ta haura kilo ɗaya. Sassanta talatin da 'yan kai, na M1911 sun haura hamsin. Jikinta na roba ne, ba ya tsatsa, ƙarfenta an ƙona masa fata mai tauri. An yi ta yaɗa cewa tana wuce na'urar binciken filin jirgi ba a gani, wanda ƙarya ce, don bututu da ƙarfen sama duk ƙarfe ne zalla. Ba ita ce ma ta fara jikin roba ba, kamfanin Heckler & Koch ya riga ta da VP70 a 1970.

A ganina babbar nasararta ba a harbi take ba, a masana'anta take. Ka ɗauko dubu daga kwali, dubun za su yi aiki iri ɗaya. Wani sashe ya karye, a zaro sabo a saka, babu goge-goge babu lanƙwasa. Ga rundunar da za ta raba wa mutum dubu goma bindiga, mafi yawansu ba gwanaye ba, wannan ya fi komai. Shi ya sa a 2013 sojojin Birtaniya suka ajiye Browning Hi-Power, ƙirar 1935 mai cin harsashi 13, suka ɗauki Glock 17.

Sai dai ku lura da wani abu a wannan hoto mai tafiya a hankali. Kun ga yadda bayan bututun Glock yake sunkuyawa ƙasa ya saki ƙarfen sama? Dabarar Browning ce, an dai sauƙaƙa ta. Mafi yawan fistol na yau a kan wannan tsari suke.

Kuma sabo ba ya nufin marar aibu. Beretta M9 da ta gaji M1911 a 1985, a shekarunta na farko ƙarfen saman wasu ya tsage ya daki masu harbi a fuska, sai da aka gyara ƙirar. SIG Sauer P320, wadda sojojin Amurka suka zaɓa a 2017, a wannan shekarar aka gano ta kasuwa tana iya tashi in ta faɗi ta wata kusurwa, kamfanin ya buɗe shirin canza mata kunama. Ita Glock ba ta da makullin da ake turawa da babban yatsa, kuma sai an ja kunama kafin a kwance ta don wanki, wanda ya manta harsashi a ciki ya jawo wa kansa. Duk da haka, a fannin faɗuwa na zamani sun yi wa na da nisa. Colt ta 1873, masu ita biyar suke ɗurawa a ganga mai cin shida, su bar ramin da ke ƙarƙashin guduma wayam, don in ta faɗi a kan gudumar za ta tashi. Sai a 1973 kamfanin Ruger ya sa wa irin wannan libarba tasa ƙarfen da ke hana hakan.

Inda tsohuwa ta riƙe kambunta shi ne kunama. Ta M1911 miƙe take zamewa baya, gajeriya, mai tsabtar yankewa, shi ya sa har yau take cin gasar harbi. Nauyin ƙarfenta kuma yana shanye dukan da hannu zai sha.

Abu na ƙarshe da gardamar nan ke mantawa shi ne magazin. A Iraƙi sojojin Amurka sun yi ta kukan M9 tana cijewa, da aka bincika sai aka samu babban laifin na magazin ne da wani ɗan kwangila ya kawo, fatar cikinsa mai kaushi ce tana riƙe yashi. Ku tambayi masu kula da ma'ajiyar makamai, za su ce muku in fistol ta fara cijewa, tsohuwa ce ko sabuwa, magazin ake fara tuhuma, sai harsashi, sai sifirin da ya gaji, sai hannun mai harbi. Don haka ne masu yawan harbi suke rubuta lamba a gindin kowane magazin, in mai lamba huɗu ya cije sau biyu, a ware shi gefe a ga ko matsalar za ta bi shi.