Wayar Umma a Hannun Ɗan JSS

Auta: Assalamu alaikum jama'a. Tun makon jiya saƙonninku duk a kan lambar nan ta WhatsApp suke, wadda ɓarayi ke yaudarar mutum ya karanto musu don su ƙwace masa WhatsApp ɗinsa. Yaya, ke ce a aji, bismillah.

Malama: Wallahi abin yana damuna. Ina koyar da kwamfuta a JSS 2 nan Bauchi, yara 'yan shekara 12 zuwa 13. Na ce wa ke da waya? Hannu uku. Na ce to wa ya taɓa waya jiya da dare? Ajin kaf. Ta Umma ce, ta yaya ce. Shi kuwa ɓarawo ina ruwansa da mai waya.

Kawu: Abin da ya faru da maƙwabciyata a Fadaman Mada ke nan.

Malama: Irin labarin ne. A kira, yaro ya ɗauka, a ce daga Islamiyya ne, za a yi taro ta intanet, karanto mana lambar da ta shigo yanzu. Lamba shida. Yana karantawa, WhatsApp ɗin ya koma hannun wani, a shiga roƙon dangi kuɗi da sunan uwarsa. Amma abin da ya fi yi min ciwo, Kawu, sai yaron ya yi shiru kwana biyu saboda tsoron duka. A kwana biyun nan ake kwashe kuɗin mutane. Shi ya sa darasina na farko ba na kwamfuta ba ne. Cewa nake, in ka yi kuskure a waya, ka faɗa wa babba nan take. Iyaye kuma na roƙe su, ranar da yaro ya zo da kansa ya faɗa, a ajiye bulala.

Auta: To maganin lambar fa?

Malama: Akwai tabbatarwa mai mataki biyu a cikin saitin WhatsApp, ka sa wani PIN naka mai lamba shida. Ko an saci lambar farko, sai an nemi wannan. Kuma ba a faɗa wa kowa, haka BVN na banki da NIN na shaidar ɗan ƙasa masu lamba 11.

Kawu: Wato a riƙe shi kamar yadda mai masar kasuwar Wunti take riƙe sirrin ƙullunta.

Auta: Kai Kawu! Shekara nawa kana bin matar nan?

Kawu: Na ce yis ne ko kanwa? Ta ce Alhaji ci ka biya.

Malama: Ai ta fi mu iya tsaron bayanai.

Auta: Ni ta kasuwar Muda Lawal ta fi min, miyarta ta fi yaji.

Kawu: Yaro man kaza. Masa ana cinta ne da zafinta, daga tanda zuwa faranti, ba a leda ba.

Auta: To wa ya cinye wadda na kawo a leda ranar Juma'a?

Kawu: Gudun almubazzaranci ne.

Malama: Ku dawo, don Allah. Akwai wanda ba ɓarawo ne yake yi ba, yaran ne junansu. Yarinya ta yi gyangyaɗi a aji, a ɗauke ta hoto, a sa a status. Sai su ce ai bayan awa 24 zai ɓace. Wanda ya riga ya adana fa? Wata sai da ta yi mako ba ta zo makaranta ba. Ranar na ce musu wannan gulma ce, abin da malamin Islamiyya ya hana ku shi ne dai, waya ba ta sauya masa suna ba. Abin da ba za ka iya faɗa gaban Baba a zaure ba, kada yatsanka ya rubuta.

Auta: Kuma TikTok da Facebook ai sai ɗan shekara 13.

Malama: Ƙara shekaru suke yi. Dokar kare bayanai ta 2023 ma ta ce wanda bai kai 18 ba sai da yardar iyaye za a karɓi bayanansa. Iyaye nawa suka san da ita?

Kawu: Na rubuto shawarwari biyar na rufewa...

Auta: Kawu, an kira magariba. Sai mako mai zuwa, jama'a, ku ci gaba da turo saƙo.

Kawu: To a tuna min da takardar.