An yi maka aikin gyaran hanci, ka dawo gida Sakkwato: to sai mi?

Assalamu alaikum jama'a. Bidiyon yau na waɗanda anka yi wa tiyatar gyaran hanci ne, ko nan ƙasar ko can Turkiyya ko Masar, da kuma masu jinyarsu, don gaskiya galibin abin da ka ɓata aikin nan a gida yake faruwa, kuma cikin ƙauna ake yinsa.

Da farko dai kar madubi ya firgita ku. Kwana 2 zuwa 3 bayan aiki shi ne lokacin da kumburi ka kai maƙura, ƙasan ido ya yi baƙi, hanci ya toshe, numfashi sai ta baki, maƙoshi ya bushe ƙayau. Duk wannan daidai ne. Ƙarfen ko robar da anka manna saman hanci wajen mako guda ake cire ta, tare da zaren ɗinki in an yanka tsakanin ƙofofin hancin. Baƙin ido kan washe cikin kamar mako 2.

Kwanciya rigingine za a yi, a tara filo 2 ko 3 kai ya fi ƙirji tudu, ba rub da ciki ba kwanciyar gefe. Ƙanƙara a naɗe ta cikin tsumma mai tsabta a ɗora kan kumatu, ba kan hancin ba.

Yanzu ga inda nika son ku natsu. Mu nan in mutum ya kumbura, Inna za ta ce a kawo ruwan zafi da tawul a gasa wurin, ko a shafa man zafi, wata ma ta ce a yi surace. Don Allah Inna a yi haƙuri, ban da wanga karo. Ƙashin da guringuntsin da likita ya jera ba su kama ba tukuna, danna su na iya karkatar da su, zafi kuma buɗe jijiyoyin jini yake, kumburi ya ƙaru ko haɓo ya ɓalle. Haka turaren wuta da ake cika ɗaki da shi saboda 'yan dubiya, da yaji a abinci, duk atishawa suke jawowa. In atishawar ta zo a buɗe baki ta fita ta nan, kuma ba a fyace majina har sai likita ya ba da izini, a ɗiga ruwan gishirin da ya rubuta a bar shi ya yi aikinsa. Sigari da shisha kam a manta da su, nikotin matse jijiyoyi yake, jini ya kasa isa fatar da ke son warkewa. Masu man bilicin kuma a nisanta shi da tabon.

Magani, abin da likita ya rubuta kawai. Kar a aika yaro kemis ya sawo asfirin ko ibuprofen, suna sa zubar jini.

Sai batun sallah, wanda kowa ke tambaya a ɓoye. Shaƙa ruwa a alwala sunna ce a Malikiyya, barinta don lalura ba ya ɓata alwala, kuma akwai hukuncin shafa kan bandeji da na yin nuni ga wanda ya kasa sujada, ku tambayi malaminku ya warware muku. Dalilin likita game da sujada shi ne sunkuyar da kai na tura jini zuwa fuska, ga goga hancin ƙasa.

Garin namu ma sai an yi dabara da shi. Watan Afrilu zafi na wuce digiri 40, rana na ƙara kumburi tana kuma sa tabo ya yi duhu, da hunturu kuma ƙura ce da bushewar hanci, to a zauna inuwa a yi ta shan ruwa, kunu, fura, abinci mai laushi mai ƙarancin gishiri da magi, kilishi ya jira. Ban da hawan kabu-kabu, ban da ɗaukar jarkar ruwa, ban da ƙwallo na makonni, tabarau kada ya zauna kan hanci kamar mako 4 zuwa 6, niƙabi mai matsewa ma haka, riga kuma mai maɓalli a gaba ta fi wadda ake zurawa ta ka. Masu goyo ku lura da kan jinjiri, shi ba ruwansa.

Kuma hancin da za ku gani ranar da anka cire robar ba shi ne na ƙarshe ba. Ƙarshen hanci kan daɗe da tauri ba a jin taɓi sosai, siffar gaske na ɗaukar shekara guda, mai kaurin fata irin namu ma yana iya wuce haka, don haka kar a yi saurin cewa likita ya cuce ku.

Abin da ba a jira da shi: jinin da ya ƙi tsayawa, zazzaɓi sama da digiri 38, ruwa mai wari ko mugunya, ciwon da ke ƙaruwa maimakon raguwa, gani ya canza, ko ruwa garai yana ɗiga daga hanci tare da ciwon kai mai tsanani. In haka ta faru kar a tsaya tura saƙon WhatsApp ga likitan da ke Istanbul, a ɗauki takardun aikin a wuce UDUTH, wato asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, a ce sashen kunne da hanci da maƙogwaro ake nema.