Ribar da ba ta fita daga cikin waya

Jama'a masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci. Sharhinmu na yau a kan wani kiran 'yan damfara ne da ke yawan shigowa wayoyin mutane a nan Damagaram, daga Birni har Zango da Garin Malam. Murya mai daɗi, gaisuwa cikin ladabi: "Alhaji, an wuni lafiya? Kamfaninmu na kasuwancin intanet ne ya zaɓi lambarka." Wani da Faransanci, wani da Hausa. Daga nan sai a jefa ka cikin wani zauren WhatsApp ko Telegram, inda kowa ke turo hoton rasit yana godiya. Yawancin masu godiyar nan mutanensu ne.

Tayin kusan iri ɗaya ne kullum. Ka zuba jika 10, a riƙa ba ka kashi 10 cikin 100 kowace rana. To, mu yi lissafi: ribar jika 30 ke nan a wata guda. A tambayi duk ɗan kasuwar da ya tsufa a Kasuwar Dole yana sayar da gero ko atamfa, wace haja ce ke haihuwa haka? Kuma wanda ya samu irin wannan hanya, me ya kai shi neman jika 10 ɗin baƙon da bai taɓa gani ba?

Inda tarkon yake shi ne, da farko suna biya. Ka sa jika 5, bayan kwana biyu ka ga jika 6 ta shigo. Wannan kuɗin ba daga wani ciniki ya fito ba, na wanda ya shiga bayanka ne, ko ma naka aka yago aka maido maka. Daga ranar kai ne mai yi musu talla. Kai za ka kira ƙanenka, ka jawo matan adashen unguwa, har da surukinka, don an ce duk wanda ka kawo kana da kamasho. Shi ya sa wannan damfara ta fi sata ciwo: ranar da abin ya rushe, ba ɓarawon za a zo wa ƙofar gida ba, kai za a zo wa.

Kuma ba sabon abu ba ne. Maƙwabtanmu na Najeriya sun ga wani tsarin zuba kuɗi mai suna MMM, wanda ya yi alkawarin kashi 30 cikin 100 a wata, ya kulle asusun jama'a a watan Disamba na 2016. A watan Afrilu na 2025 wani irinsa mai suna CBEX ya bi sahu. Suna kawai ake sauyawa.

Ranar da ka nemi cire kuɗinka ne gaskiya ke fitowa. A fuskar waya an rubuta kana da jika 300, amma sai ka biya "haraji" ko "kuɗin buɗe asusu" tukuna. Ka biya, a ƙirƙiro wani. Sannan duba inda ake cewa ka tura kuɗin: lambar wani mutum ce, gobe kuma wata daban. Ga gaggawa, wai yau ake rufewa, kada ka gaya wa kowa. Idan har aka nemi lambar sirrinka ko lambar da aka turo maka ta saƙo, kashe wayar kawai. Mai neman tara kuɗin jama'a da sunan zuba jari a ƙasashenmu na sefa sai da izinin AMF-UMOA, hukumar da ke sa ido kan kasuwar zuba jari a ƙasashen sefa na Afirka ta Yamma. Ka tambaye su takardar, ka ji yadda zance zai karkace.

Wanda abin ya riga ya shafa, kada kunya ta sa ya yi shiru. Ya adana saƙonnin da rasit ɗin da lambobin, ya kai wa 'yan sanda ko jandarmomi, domin tun 2019 Nijar tana da dokar hukunta laifukan intanet. Ya kuma shirya wa kira na biyu, daga wani da zai ce shi lauya ne ko jami'i, zai ƙwato masa kuɗinsa idan ya biya ɗan wani abu. Sau da yawa mutanen farko ne suka dawo da sabon layi.