Yaro ɗan shekara 10, wai a gwada masa kitsen jini!

Assalamu alaikum jama'a. Fitowata ke nan daga wajen likitar yara a nan Houston, ko motar ban tayar ba, don har yanzu gabana faɗuwa yake yi.

Awon shekara kawai na kai babban ɗana. Lafiyarsa ƙalau, kullum yana filin ƙwallo. Sai likita ta ce za a ɗebi jininsa a duba kwalastarol, wato kitsen jini. Na ce haba likita, ai wannan ciwon manya ne! Ta ce a Amurka tun 2011 ake ba da shawarar a gwada kowane yaro tsakanin shekara 9 zuwa 11, siriri ne ko mai ƙiba, domin tun ana yara kitsen yake fara maƙalewa a jijiyoyin jini, ba zazzaɓi, ba ciwo. Inshora ce ma ta biya, dala 30 kawai na bayar.

Sai ta tambaye ni ko akwai namiji a danginmu da ciwon zuciya ya kama kafin ya kai 55. Nan jikina ya yi sanyi. Yayana, Allah ya jiƙansa, yana da shekara 46 ya dawo daga sallar asuba a Zariya, ya yanke jiki ya faɗi. Muka ce kwana ya ƙare, kuma haka ne, amma ba wanda ya bi sila. Ashe akwai yawan kwalastarol na gado, kusan mutum ɗaya cikin 250 yana ɗauke da shi, kuma in uwa ko uba na da shi, kowane ɗa rabi da rabi ne. Irin wannan gyaran abinci kaɗai ba ya isa, sai an haɗa da magani, ana iya farawa tun daga shekara 8 zuwa 10.

Mu fa da ƙafa muka yi boko da islamiyya, a dawo a tarar da tuwon dawa. Nawa yaran ma har gobe suna shan miyar kuka, daga gida ake aiko min, alhamdulillahi. Amma lemon gwangwani, 'yan'uwa ku yi hattara! Sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha, iyakar abin da aka yarje wa yaro a yini giram 25 ne, gwangwanin Coca-Cola ɗaya na nan kuwa 39.

Sakamako sai jibi, ku taya mu da addu'a. Ni ma na karɓi ranar nawa gwajin, kuma yau da dare zan kira matar marigayin, 'ya'yansa huɗu ne, a kai su a duba.