Tsohon katin sauti zai yi aiki a akwatin Thunderbolt kuwa?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau maganar ta masu sutudiyo ce, musamman wanda yake da tsohon katin sarrafa sauti ajiye a durowa, irin su Pro Tools HD ko UAD ko PowerCore, katin da a zamaninsa sai an zuba kuɗi sosai kafin a mallake shi, yanzu kuma ya sayi sabuwar kwamfuta ya juya ta gaba da baya babu ramin da zai soka katin. Sai wani ya ce masa ai da sauƙi, sayi akwatin nan na waje ka saka katin a ciki ka jona da kebul ɗin Thunderbolt shikenan. Toh wani lokacin shikenan ɗin ne da gaske, wani lokacin kuma akwatin zai kawo wuta, fanka na ta juyawa, kwamfutar ma ta nuna ta ga wani abu an jona mata, amma ko ƙyas ba za ka ji ba.

Me katin nan yake yi tun farko? A farkon shekarun 2000 kwamfuta ba ta da ƙarfin da za ta ɗauki waƙa mai layi arba'in ko hamsin kowane layi da nasa kayan gyaran sauti irin su kwamfiresa da ikwalaiza da ribab mai sa amsa-kuwwa, sai ta fara shaƙewa sauti na tsinkewa. Shi ne kamfanoni suka ce bari mu ɗora wasu ƙananan na'urorin lissafi a kan kati su ɗauke wa kwamfuta wannan nauyin. Universal Audio suka fito da UAD-1 a 2001, Digidesign suka fito da Pro Tools HD a 2002, TC Electronic kuma suna da PowerCore ɗinsu. Duk a cikin kwamfuta ake soka su. Sai kwamfutoci suka yi ta ƙanƙancewa, laftof dama ba ta da rami, Mac mini babu, iMac babu, har Mac Pro ɗin da aka fitar a 2013, mai siffar gwangwanin nan, babu ramin kati ko ɗaya a jikinta sai kafofin Thunderbolt guda 6. Nan kasuwar akwatunan waje ta buɗe, su Sonnet da Magma da OWC.

Shi akwatin ba wani abin mamaki ba ne a ciki. Ka kwance shi za ka ga ramukan PCIe, wato irin ramin da ake soka kati a cikin kwamfutocin zamani, ɗaya ko biyu ko uku, da abin ba da wuta, da fanka, da ɗan allon da ke karɓar Thunderbolt. Shi Thunderbolt ɗin aikinsa ya ɗauko siginar PCIe daga cikin kwamfuta ya bi da ita ta cikin waya har zuwa akwatin, ta yadda kwamfuta za ta ɗauka katin a cikinta yake.

Kafin komai ɗauko katin naka ka juyo ƙasansa wajen haƙoran nan masu ruwan zinare. In ka ga haƙoran dogaye ne, da tsaga ɗaya ko biyu a tsakani, kuma katin na farkon 2000 ne, to mai yiwuwa tsohon PCI ne, wanda Intel suka fito da shi tun 1992, ko ƙaninsa PCI-X. In kuma haƙoran 'yan gajeru ne kamar faɗin yatsa biyu da tsaga kusa da farko, wannan PCIe ne. Sunan ne kawai ya yi kama amma wallahi ba abu ɗaya ba ne, PCI yana tura bayanai ne ta wayoyi da yawa lokaci guda kuma duk katunan suna raba hanya ɗaya, shi kuwa PCIe kowane kati da tasa hanyar. Akwatunan Thunderbolt na PCIe ne. Katin PCI ba zai ma shiga ramin ba, kuma dan Allah kar ka danna da ƙarfi.

Akwai masu cewa ai ana sayar da adafta mai mayar da PCIe zuwa PCI. Eh akwai, tana da wani ɗan cif da ke tsakani yana juya siginar, kuma da wasu katunan tana aiki. Amma ka duba abin da ka tara, kati ya bi ta adafta, adafta ta bi ta akwati, akwati ya bi ta Thunderbolt, kowane mataki da nasa ɗan jinkirin da nasa halin, ga shi kuma wasu tsofaffin katunan PCI wutar bolt 5 suke so wasu 3.3, tsagar da ke haƙoran ce ma take nuna wanne ne. Sannan adaftar tana ƙara wa katin tsayi har murfin akwatin ya ƙi rufuwa. Ni dai a ganina in don wasa ne da gwaji a yi, amma in mawaƙi zai zo ya biya kuɗin awa ya tsaya gaban makirfo, ban ba ka shawarar ka dogara da wannan haɗin ba.

Toh mu ce katinka PCIe ne ya shiga ramin lafiya lau. Abin da mutane suka fi tambaya shi ne wai waya ɗaya za ta iya ɗaukar duk sautin? Ku zo mu yi lissafi. Layin sauti ɗaya mai bit 24, wato bayit 3, ana ɗauka sau 96,000 a daƙiƙa, bayit 288,000 kenan duk daƙiƙa. Ka ninka sau 64, wato layi 64, ya kama wajen megabayit 18 da ɗoriya. Tsohon PCI ɗin nan ma yana kai megabayit 133 a daƙiƙa, layin PCIe ɗaya na farkon fitowa 250, Thunderbolt na farko da ya fito a 2011 gigabit 10, na biyu a 2013 gigabit 20, na uku gigabit 40. Ka ga ashe sauti ko kusurwar hanyar bai cika ba. Masu katin bidiyo su ne ke kukan hanya ta yi musu kaɗan, mu masu sauti ba nan matsalarmu take ba, saboda haka kar wani ya sa ka sayi akwati mafi tsada wai don ya fi gudu.

Inda gizo ke saƙar shi ne diraiba, wato 'yar manhajar da ke tsaye a matsayin tafinta tsakanin katin da kwamfuta. Katin da ke cikin kwamfuta tun da aka kunna ta yana nan, ba ya zuwa ko'ina sai an kashe, to a kan wannan tunanin aka rubuta tsofaffin diraibobi. Amma kebul ana iya fizge shi a kowane lokaci, ƙafar wani ta harɗe shi ko kwamfuta ta yi barci ta farka, diraiban da bai san da haka ba zai ci gaba da aika saƙo ga katin da babu shi, daga nan sai kwamfuta ta daskare ko ta mutu gaba ɗaya. Shi ya sa a Mac dole diraiban ya bayyana cewa an shirya shi don aiki ta Thunderbolt, akwai wani layi a cikin fayil ɗinsa mai suna IOPCITunnelCompatible, in babu shi tsarin Mac ɗin, wato macOS, ba zai loda diraiban ba. Za ka shiga bayanan kwamfuta ka ga katin a jere a ƙarƙashin PCI amma a gefe an rubuta ba a loda diraiba ba. Akwai masu buɗe fayil ɗin su ƙara layin da hannu, wani sa'in ya tashi, amma layin kawai ka ƙara, diraiban bai koyi komai ba, ran da kebul ya motsa za ka gane. Kuma a sababbin tsarin Mac da ka taɓa fayil ɗin sa hannun kamfanin ya lalace, tsarin ya ƙi shi.

Bari mu ɗauke su ɗaya ɗaya. Katunan Pro Tools HD na tsohuwar fasahar da ake kira TDM, wato HD Core da Process da Accel, akwai na PCI akwai na PCIe, amma duk ɗinsu a Pro Tools 10 aka tsaya da su. Da Pro Tools 11 ya fito a 2013 an koma bit 64 da filogin, wato 'yan manhajojin gyaran sauti, na sabon salon AAX, aka bar TDM a baya. Shi kuma Pro Tools 10 ɗan bit 32 ne na zamanin tsarin Mac na Lion da Mountain Lion, Apple kuma tun macOS Catalina a 2019 suka rufe ƙofar manhajojin bit 32 gaba ɗaya. Ƙari a kan haka Mac ba ta yarda ka saka mata tsarin da ya girmi wanda ta zo da shi daga kamfani. Kenan ko akwatin ya ga katin, manhajar da za ta yi magana da shi ba za ta buɗe a sabuwar kwamfutar ba, babu akwatin da zai gyara wannan komai tsadarsa. Katin Pro Tools HDX da ya fito a 2011 shi labarinsa daban, Avid masu Pro Tools da kansu sun amince da wasu akwatunan a yi amfani da shi a ciki, haka HD Native.

UAD-1 da PowerCore kusan jirgi ɗaya ya kwaso su, kamfanonin sun daɗe da daina sabunta musu manhaja, har da waɗanda aka yi da haƙoran PCIe. Wannan yana ruɗar mutane, su ga katin ya zauna daram a rami su ɗauka an gama. UAD-2 kuwa da ya fito a 2008 da cif ɗin SHARC na Analog Devices, su Solo da Duo da Quad sai Octo daga baya, yana daga cikin waɗanda suka fi zama lafiya a akwatin waje domin an ci gaba da kula da diraibansa. Katunan RME na jerin HDSPe su ma haka, kamfanin an san shi da daɗewa yana sabunta diraiban tsofaffin kayansa. Ka lura ba shekarun katin ne suka raba su ba, wanda kamfaninsa bai yi watsi da shi ba shi ne ya rayu.

In Mac ɗinka mai cif ɗin Apple ce, daga M1 na 2020 zuwa sama, akwai ƙarin mataki. Dole diraiban ya zama an gina shi don wannan cif ɗin, Rosetta, tafintar da Apple suka yi, tana fassara manhajoji na Intel amma ba ta fassara diraiban da ke shiga can cikin zuciyar tsarin. In ma akwai shi, irin tsohon salon diraiban sai ka kashe kwamfuta ka riƙe maɓallin kunnawa ka shiga wajen gyara ka sassauta tsaro kafin ya lodu. A Windows kuma ka leƙa BIOS, wato saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, ka ga matakin tsaron Thunderbolt, wasu kwamfutocin sai ka amince da na'urar da hannunka, kuma akwai wata kariya mai suna DMA da aka ƙara a Windows 10 wadda kan riƙe na'urar da tsohon diraiba ba ta tashi sai ka shiga da kalmar sirrinka.

Sai ƙananan abubuwan da suke cin kuɗin mutane a banza. Tsawo, cikakken kati yana kai santimita 31, yawancin ƙananan akwatuna kuwa na rabin tsawo ne, ɗauki abin awo ka auna kafin ka biya. Wuta, ƙaramin rami ba ya wuce wat 25, babban na x16 ne ke kai 75, kuma HDX yana buƙatar ƙarin wayar wuta daga akwatin, in akwatin ba shi da wajen jona ta ka makale. In kati biyu ko uku za ka haɗa da ɗan kebul ɗin da ke bi ta samansu, sai ramukan sun kasance kusa da juna kuma akwai sarari a ƙarƙashin murfi. Ga fanka, wasu akwatunan don ɗakin ajiye manyan kwamfutoci aka yi su ba don ɗakin da makirfo ke buɗe ba, za ka ɗauki murya mai sanyi ka dawo kana sauraro ka ji fuuu a ƙasa. Ka nisanta shi ko ka nemi mai fanka marar ƙara.

Kebul ma a kula. Ba duk ramin USB-C ne Thunderbolt ba ko da bakin iri ɗaya ne, nemi alamar walƙiya a gefen ramin da kuma jikin kebul ɗin, kebul ɗin cajin waya zai shiga tsaf amma ba zai ɗauki PCIe ba. In akwatin na Thunderbolt 2 ne kwamfutar kuma ta 3, adaftar Apple tana haɗa su ta kowane ɓangare, kuma tunda akwatin da nasa filogin wutar, maganar wuta ba damuwa ba ce. Kuma ka saba da kunna akwatin tukuna kafin kwamfuta, ka hana kwamfutar yin barci lokacin aiki, kar kuma ka zare kebul manhaja na buɗe.

Saboda haka ta baya za ka faro binciken. Fara da tsarin da ke kan kwamfutarka, ka shiga shafin kamfanin katin ka ga ko akwai diraiba na wannan tsarin, sannan ka duba jerin katunan da masu akwatin suka gwada, Sonnet alal misali suna wallafa irin wannan jerin. Sai duk sun yi daidai sannan ka ciro kuɗi.

In kuma katin naka na cikin waɗanda aka bari a baya ne amma kana son sautin wani filogin da babu shi a ko'ina, kar ka wahalar da kanka da akwati. Nemo tsohuwar kwamfutar da ta dace da shi, Power Mac G5 mai ramin PCI ga masu PCI, ko Mac Pro mai doguwar hasumiya ta 2006 zuwa 2012 ga masu PCIe, ko tsohuwar Windows mai ramin da kake buƙata, ka saka mata tsarin zamaninta ka cire ta daga intanet kar ta sabunta komai. Sai ka haɗa ta da sabuwar ta wayar sauti ta dijital irin ADAT ko AES, ADAT ɗaya yana ɗaukar layi 8 a kan 48,000, ka tura sauti can ya bi ta katin ya dawo. Abu ɗaya kawai, ka zaɓi ɗaya daga cikin na'urorin biyu ta zama ita ke ba da agogo, wato bugun da ke daidaita gudun sautin, ɗayar kuma tana bi, in ka bar kowacce a kan nata agogon za ka riƙa jin ƙas ƙas a cikin rikodin ɗin.