Amsoshin Tambayoyinku: Gyambon Zama ga Masu Raunin Laka

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake saduwa a filin amsoshin tambayoyinku. Wasiƙu uku muka ware yau, dukkansu a kan gyambon da ke fito wa mutanen da raunin laka ya zaunar a keken guragu.

Ta farko daga wani matashi ce a Zariya. Ya ce yayansa ya yi hatsarin babur, ƙafafunsa sun shanye, ba ya jin komai daga ƙugu zuwa ƙasa, kuma kwanan nan sun ga wani wuri ya yi duhu a mazaunansa alhali bai buge ba. Yana tambaya ko abin damuwa ne.

Malam, Allah Ya ba yayanka lafiya, kuma lalle abin a tashi tsaye ne tun yau. Idan nauyin jiki ya danne fata tsakanin ƙashi da abin zama, ƙananan jijiyoyin jini sukan matse, jini ya daina isa wurin, naman ya fara mutuwa, kuma sa'o'i kaɗan sun isa ɓarnar ta soma. Mai lafiya yana ta muskutawa ba tare da ya lura ba, domin zafi yana gargaɗinsa. Haka ma wanda shan inna ya shafa, tunda shi yana jin jikinsa. Wanda lakarsa ta ji rauni kuwa ya rasa wannan gargaɗin, saboda haka dole ido da agogo su maye gurbinsa. Littattafan asibiti sukan ce a nemi wurin da ya yi ja, amma a baƙar fata irin tamu ja ba ya fitowa sosai. Abin da za ku nema shi ne wurin da ya fi kewayensa duhu ko sheƙi, ko ya yi ɗumi, ko tauri, ko kumburi idan an taɓa da bayan hannu. Ku duba safe da yamma cikin haske mai kyau: ƙasusuwan mazaunai biyu, ƙarshen ƙashin baya, kwatangwalo, idon sawu da diddige. Shi kansa zai iya dubawa da madubi, ko a ɗauki hoton wurin da waya a nuna masa, ta haka kuma za ku iya kwatanta na yau da na jiya. Wurin da kuka riga kuka gani, kada ya sake zama a kansa sai launinsa da laushinsa sun dawo daidai, domin sau da yawa ɓarnar tana farawa ne daga ciki, kusa da ƙashi, abin da ake gani a sama ɗan kaɗan ne daga cikinta.

Idan ya koma kan keke, duk bayan minti 15 zuwa 30 ya sauke nauyi na tsawon minti ɗaya zuwa biyu, ta hanyar ja wa keken birki ya sunkuya gaba har ƙirjinsa ya kusanci gwiwoyi, ko ya karkata dama sannan hagu. Wannan ya fi ɗaga jiki sama da ƙarfin hannu, wanda yake gajiyar da kafaɗu kuma ba a iya daɗewa ana yinsa.

Wasiƙa ta biyu daga wata baiwar Allah ce a Maraɗi, mai jinyar maigidanta. Ta ce an ba ta shawarar ta yi masa gammo ya riƙa zama a kai, ta kuma riƙa murza wurin da man kaɗanya, sannan tana neman sanin sau nawa ya kamata ta juya shi da dare.

Hajiya, Allah Ya saka miki da alheri, domin wannan jinya ce mai cin ƙarfi da barci. Gammo ko zoben roba mai rami a tsakiya kada ki yi amfani da shi, saboda yana tattara nauyi a kewayen wurin ya ƙara toshe jinin. Murza wurin da ya riga ya canza launi ma yana ƙara yaga naman da ke ƙasa. Man dai ki shafa shi a hankali a lafiyayyar fata don kada ta bushe, musamman lokacin hunturu. Abin zaman da ya dace shi ne matashin keke na musamman, mai soso mai kauri da aka sassaƙa daidai da mazaunai, kuma tun a 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin da suka nuna cewa mai irin wannan lalura ya kamata a ba shi keke daidai jikinsa tare da matashinsa. Ina roƙon masu raba kekuna don neman lada su riƙa tuna wannan. Ki gwada matashin: ki zura hannu ƙarƙashinsa yana zaune, idan kin ji ƙashinsa ya kusa taɓa hannunki, soson ya mutu, a sauya shi.

Juyi kuwa duk sa'o'i biyu ne, a ɗan kishingiɗar da shi a gefe da filo a bayansa maimakon a ɗora shi kai tsaye a kan kwatangwalo, a sa filo tsakanin gwiwoyi, wani kuma a ƙarƙashin ƙwauri yadda diddige zai tashi daga katifa. Wannan juyin shi ne ginshiƙin aikin likita Ludwig Guttmann a asibitin Stoke Mandeville na Ingila tun daga 1944, lokacin da gyambo da ciwon mafitsara suke kashe yawancin masu raunin laka. Mutum ɗaya ba zai iya wannan kullum ba, don haka 'yan uwansa maza su karɓi wasu darare. Idan za a matsar da shi a ɗaga shi, kada a ja shi a kan zani. A kula da lema: fitsari, bayan gida da gumin bazara suna jiƙa fata ta yi saurin saɓulewa, kuma kada ya kwanta kai tsaye a kan leda. Ko ninkin riga, ko kaurin ɗinkin wando, ko makulli a aljihun baya, kowanne yana iya zama mafarin gyambo.

Ta uku daga wani tela ce a Azare, wanda shi da kansa yake kan keke. Gyambonsa ya buɗe, ana ce masa ya fasa kafso ya barbaɗa, wasu na cewa zuma, shi kuma ba zai iya rufe shago ba.

Malam, maganar tana da ɗaci amma dole a faɗa: babu maganin da zai warkar da gyambon da ake ci gaba da zama a kansa. Makonni kaɗan na kwanciya a gefe ko rub da ciki yanzu sun fi watanni a gadon asibiti nan gaba. Garin kafso, toka, sifirit da man birki duk ka guje su. Ana wanke gyambo da ruwan gishirin asibiti ko tafasasshen ruwan da ya huce, a rufe shi da tsaftataccen bandeji mai ɗan danshi. Zuma ana amfani da ita a wasu asibitoci, amma ma'aikacin lafiya ne zai duba zurfin ciwon ya yanke hukunci, tunda zumar kasuwa ba ta rasa gauraye. Ka yawaita cin wake, ƙwai, kifi, awara, gyaɗa, nono da zogale, ka sha ruwa sosai, idan kana shan taba ka bari.

Da zarar ka ga mugunya, wari, baƙin nama ko zazzaɓi, ka tafi asibiti a ranar, domin ƙwayoyin cuta suna iya shiga ƙashi ko jini. Wanda rauninsa yake daga tsakiyar ƙirji zuwa sama, idan ya ji matsanancin ciwon kai da gumi farat ɗaya, jininsa ne ya hau. A zaunar da shi a miƙe, a sassauta tufafi, a duba ko robar fitsari ta toshe, a nemi likita nan take. Gyambo mai zurfi yakan buƙaci a yanke mataccen nama, wani lokaci har da tiyatar rufe shi da lafiyayyen nama, aikin da ake yi a manyan asibitoci irin su Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Ka nemi asibitin da ke kusa da kai ya rubuta maka takardar turawa.